Farar Taguwar Intalla a Hoton Jami'a

SHAFI NA 19

Masu turo mini saƙo wai in rage jini, ku ji da kyau. Yadda labarin ya zo haka zan ba ku shi. Mai raunin zuciya ya tsallake wannan shafin, ba zan ji haushi ba.

*

Tun da hantsi gidan Elhaji Ma'u dillalin raƙuma ya cika. An shimfiɗa tabarmi daga zaure har gindin itacen bedin tsakar gida. Raguna biyu aka kayar. Ɗangoggo mahauci na tsugune gaban garwashi yana juya nama, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Walimar Mutari ce, ɗan Elhaji na biyu, wanda ke shekara ta uku a sashen harsuna da al'adun Asiya na jami'a a Yamai. Sashen ne ya sa gasa, kowane ɗalibi ya kawo hoto ɗaya na garinsu, ya rubuta bayaninsa da Sinanci. Mutari ya zo na ɗaya. An ba shi shekara guda ta karatu a ƙasar Sin. Ran Laraba sashen ya sa labarin a shafinsa na fesbuk tare da hoton. Kafin Juma'a babu wayar da bai shiga ba a Dakoro.

"Kai ɗan Sin!" Ɗangoggo ya ɗaga wuƙa yana nuna shi. "Ce mini 'ƙaro nama' da yarensu."

Mutari ya faɗa. Tsakar gida ta ɗauki dariya.

"Wallahi kamar an taka wa kyanwa wutsiya. To ka ji, in ka je can, kak ka ci naman da ba ka ga kanshi ba. Ni dai na hwaɗa maka."

Elhaji Ma'u na zaune bisa kujerar roba cikin farar shadda, yana amsa barka. Shi kaɗai ne bai ga hoton ba. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli. An ce masa hoton raƙumi ne, ya ɗauka na kasuwa ne.

Ɗangoggo ya goge hannu a wando, ya ciro tasa wayar.

"Elhaji, ashe kana da irin wagga ka ɓoye muna? Duba hwarar taguwa kamar nono."

Elhaji ya karɓa. Ya kusanto da ita fuska. Ya nisanta. Murmushin ya mutu a bakinsa.

Farar taguwa ce, raƙuma mace, ta juyo da wuya tana kallon mai ɗauka, rana na faɗuwa bayan rumbuna uku. A ƙasa an rubuta da Sinanci da Faransanci.

"Mi aka rubuta nan?"

"Taguwar babana, a gonarmu ta Birnin Lalle," in ji Mutari, yana jiran yabo.

Elhaji ya miƙe.

"Biyo ni."

Suna shiga ɗaki ya tura ƙofa. Mutari bai ga tahowar hannun ba. Marin ya jefa shi jikin bango, kunnensa ya ɗauki ƙara.

"Ban ce kowa kak ya taka gonar nan ba?"

"Baba, hoto ne kawai…"

Na biyu ya fasa masa leɓe.

"Kira su. Yanzu. Su cire shi."

Mutari ya ciro wayarsa. Ya lalubo lambar sakatariyar sashe, ya kira. Ta ɗauka da fara'a, ana jin ƙarar tukunya kusa da ita.

"A cire? Yau Asabar, Mutari, ofis a rufe yake. Kuma a cire mi? Mutum ɗari huɗu sun raba shi. Mun buga babba mun rataye a ƙofar sashe, mun aika wa abokan aikinmu na can. Kai fa tauraro ne yanzu!"

Ya sauke wayar.

"Sun ce…"

"Na ji."

A lokacin ne suka lura hayaniyar waje ta ɗauke. Babu dariya, babu ƙarar kwano. Sai kitsen nama da ke tsartsatsi bisa wuta.

Elhaji ya gyara hula, ya fita. Mutari na bayansa yana share jini da bayan hannu.

Rhissa ne tsaye tsakiyar tabarma, da takalmansa.

Duk Dakoro ta san Rhissa. Buzu ne mai raƙuma daga arewa da Bader Goula. Shekara ashirin da biyu, duk ranar kasuwa a zauren Elhaji Ma'u yake sauka, Elhaji ke sayar masa da dabbobi, kwanonsu ɗaya. Shi ya fara ɗora Mutari bisa raƙumi yana ɗan shekara biyar. Bai taɓa taka tabarmar gidan nan da takalmi ba.

Yau ya ja amawalin rawaninsa har ƙarƙashin ido. Takobi na rataye a kafaɗarsa. Mutum biyu na bayansa da sanduna masu kan ƙarfe, ɗaya ya riga ya tare bakin zaure.

"Rhissa, maraba. Ku zauna. A kawo shayi."

Wani ya miƙo butar shayi daga kan mangal ɗin garwashi. Rhissa ya sa ƙafa ya shure ta. Ruwan zafi ya watsu, masu zama suka tarwatse.

"Ban zo shan shayi ba, Ma'u."

Bai ce Elhaji ba. Kowa ya ji.

Ya ciro waya daga aljihu, ya juyo ga Mutari.

"Yaro, kai ka ɗauki wanga?"

"Ni ne, Baba Rhissa."

"An ce ka iya karanta rubutun Sinawa. Guda nawa ka sani?"

"Kamar dubu biyu."

"Dubu biyu." Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, ya matso da shi har hancin Mutari. "To karanta mini wanga."

Ƙarƙashin kunnen taguwar, inda ta juyo da wuya, akwai ɗan tabon wuta. Zane biyu a tsaye, ɗigo ɗaya a tsakani. Mutari ya kalli hoton nan ya fi sau ɗari. Malamansa sun kalla, alƙalan gasa sun kalla. Babu wanda ya ga komai sai kyan taguwa.

"Ban sani ba."

"Tambayi ubanka. Babu shaidar dabba daga nan har Agadas da bai sani ba. Aikinshi ke nan."



"Shaidar gidanmu ce," in ji Rhissa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ta kakana. Muna sa ɗaya a cinya, ɗaya ƙarƙashin kunne. Ta cinyar an bi ta da wuta an sake mata kama. Ta kunnen aka manta. Wagga taguwar ita ƙanena Intalla ke bisa ranar da aka kashe shi bakin rijiya, wata bakwai ke nan."

Wata mata ta yi salati daga madafa.

"Ka zo ta'aziyya, Ma'u. Ka zauna cikin tantina kwana biyu. Ka riƙe hannun uwarmu ka ce duk kasuwar da aka kai taguwar sai ka gane ta. Ashe tana bayan dangarka tana cin harawa."

"Saye na yi," in ji Elhaji. "Wani baƙo ya kawo…"

"Dillali na sayen dabba bai ɗaga kunnenta ba?"

Ɗangoggo ya miƙe da wuƙar nama a hannu. Ba faɗa ya nufa ba, mantawa ya yi bai aje ta ba.

"Haba Rhissa, a bi a hankali mana, akwai jandarma a garin nan…"

Sandar ta sauka a wuyan hannunsa. Kowa ya ji ƙarar ƙashi. Ya yi baya ya faɗa cikin garwashi, nama da toka suka tashi sama. Ya mirgina yana ihu, rigarsa na hayaƙi. Mutane suka yi kan katanga, wasu suka dira gidan maƙwabta, takalma suka rage a warwatse.

"Jandarma," in ji Rhissa. "Wata bakwai takardata na teburinsu."

Ya zare takobi.

Mutari ya yi tsalle ya shiga tsakani. Na bayan Rhissa ya tokare shi da gindin sanda a ciki. Numfashinsa ya tsaya. Ya durƙusa, ya amayar da abin da ya ci bisa tabarma. Aka taka masa baya da ƙafa, aka danne. Rhissa ya juyo ga Elhaji.

"Wa ya kawo maka ita?"

"Na ce maka baƙo ne."

Takobin ya yi sama. Elhaji ya kare da hannun hagu. Ƙarfen ya shiga naman dantse har ya tsaya a ƙashi. Jini ya yi tsiri, farar shadda ta koma ja tun daga kafaɗa har gwiwa. Elhaji ya zube zaune jikin bedi. Bai yi kuka ba, haƙora kawai ya cije.

Uwale, uwar Mutari, ta fito da gudu da taɓarya, kallabinta ya faɗi. Mata uku suka riƙe ta tana fizga.

"Rhissa! Tuwona ka ci shekara ashirin! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Bai ko waiwaye ta ba.

"Wa ya kawo maka ita?"

Elhaji ya ɗago kai. Fuskarsa ta yi toka.

"Ni ne. Ni na kashe shi. Gama da ni ka tahi."

 Mutari ya daina motsi ƙarƙashin ƙafar da ta danne shi.

Rhissa ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa jinin.

"Da mi ka kashe shi?"

"Da… da wuƙa."

"A ina ka soke shi?"

"A ciki."

"Ƙarya kake." Muryar Rhissa ta yi ƙasa. "Ni na wanke shi. Ban hwaɗa wa kowa abin da na gani ba, ko uwarmu. Babu wuƙa a jikin Intalla. Da igiyar guga aka shaƙe shi ta baya. Ya yi kokawa. Na tarar da naman mutum cikin haƙoranshi, sai da na sa tsinke na ciro. Wanda ya kashe shi na yawo da bakin ƙanena a hannunshi."

Ya sa kan takobi ya tsarge hannun rigar Elhaji na dama. Ya duba. Ya ɗaga na hagu mai jini, ya juya shi, Elhaji ya yi nishi. Babu tabo.

"Ku tuɓe yaron."

Aka ɗago Mutari, aka yage rigar walima tun daga wuya. Rhissa ya duba hannayensa gaba da baya. Sumul.

"Ina babban? Ina Jafaru?"

"Shina Aljeriya tun bara," in ji Elhaji da sauri. "Kai ma ka sani. Da kai aka raka shi tasha."

"Ɗana na Tamanrasat!" Uwale ta yi ƙara. "Kak ka sa sunan ɗana a bakinka!"



Ranar da Mutari ya ɗauki hoton ta dawo masa tiryan-tiryan. Hutu ne, ya ari babur ya tafi gonar a ɓoye, don yana son rumbuna da faɗuwar rana. Yana cikin ɗauka sai murfin rumbu na tsakiya ya motsa, mutum ya sauko. Wansa ne Jafaru, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya ce Aljeriya ta koro shi hannu wofi, kunya ta hana shi shiga gari, Baba kaɗai ya sani. Ya sa Mutari ya rantse ba zai gaya wa Inna ba. Suka sha shayi. Da Jafaru ya miƙo kofi, hannun rigarsa ya zame. Tabo ne a dantsen dama, zagayayye, mai rami a tsakiya.

Kare ne ya cije ni a can, in ji shi.

Mutari ya yarda. Har ya ce masa ya je likita a yi masa allura.

Ya ɗago ido. Ubansa shi yake kallo. Kallo ɗaya ya isa, Elhaji ya gane yaron ya sani. Ya girgiza kai a hankali.

Rhissa ya miƙe.

"Mutanena huɗu na gonarka tun ɗazu. Sun kama taguwar. Sun ga tabarma da butar shayi da ɗumi, ba su ga mutum ba. Wani na zaune can, Ma'u. Wa ne?"

"Mai gadi ne. Ya gudu."

"Sunanshi?"



Rhissa ya damƙi gemun Elhaji, ya tanƙwara kansa baya jikin itacen. Ya aza kaifin takobi a maƙogwaro. Fata ta tsage kaɗan, jini ya gangaro cikin wuyan riga.

"Rai ɗaya aka ɗauka mini, rai ɗaya zan ɗauka. Na fi son mai shi. In ka hana ni, kai ma ka isa."

"Yanka."

"Elhaji!" Uwale ta zube ƙasa. "Hwaɗa mishi! Ko wane ne, hwaɗa mishi! Wane ɗan iska ne ya fi ranka?"

Mutari ya dubi uwarsa. Ba ta san abin da take roƙo ba.

Ya dubi hannun Rhissa. Jijiyoyin sun tashi. Ya sha ganin hannun nan na yanka raƙumi, ba ya maimaitawa.

"Baba Rhissa, tsaya."

"Mutari!" Muryar Elhaji ta fito a shaƙe. "Rufe bakinka."

"Tsaya. Na san wani abu."

"In ka buɗe baki, ban yafe maka ba. Duniya da lahira. Ka ji ni? Ban haife ka ba!"

Rhissa bai ɗauke takobin ba. Idonsa kawai ya juyo.

"Ina jin ka, yaro."

"In na hwaɗa, za ka bar shi?"

"Ubanka zai rayu."

"Shi kuma wancan… ka kai shi jandarma. Don Allah. A yi shari'a."

"Na ce ubanka zai rayu. Ban ƙara komi bisa ba."

Jini na ta bin tabarma, ya kusa gwiwar Mutari. Idon Elhaji ya fara lumshewa yana buɗewa. Ko ba a yanka shi ba, in aka ƙara jimawa dantsen kaɗai zai gama da shi.

"Zan ƙirga uku," in ji Rhissa. "Ɗaya."

"Mutari, dubi uwarka," in ji Elhaji. "Dube ta."

"Biyu."

"Jafaru ne!"

Maganar ta fita da ƙarfi har maƙwabtan da ke leƙe ta katanga suka ji.

"Ba ya Aljeriya. Ya dawo tuni. Na gan shi, da tabon cizo a hannun dama. Shina gona."

Uwale ta daina kuka. Ta buɗe baki tana kallon mijinta.

"Elhaji? Mi yaron nan ke cewa? Jafaru na ƙasar nan?"

Elhaji ya rufe ido.

"A ina cikin gonar?" in ji Rhissa.

Mutari ya dubi wuyan ubansa. Takobin ya ƙara nutsewa.

"Rumbu," ya ce, hawaye na haɗuwa da jinin leɓensa. "Rumbu na tsakiya. Cikin damman hatsi yake ɓoyewa."

Rhissa ya saki gemun. Ya goge takobi a shaddar Elhaji, gefe da gefe, ya mayar kube.

"Ku ɗaure mishi hannu kak ya mutu," ya ce wa matan. "Na yi alkawari."

Mutari ya rarrafa, ya cire ragowar rigarsa, ya naɗe dantsen ubansa ya ɗaure da haƙori. Elhaji ya janye hannun. Mutari ya sake kamawa, Elhaji ya sake janyewa. Sai da ƙarfi ya ƙare masa sannan ya bari.

Rhissa ya danna waya, ya kara a kunne. Aka ɗauka. Ya yi magana da Buzanci, gajeruwa, babu ɗaga murya. Daga can aka yi tambaya. Ya maimaita abin da ya ce. Ya kashe, ya juya ya nufi zaure, mutanensa biyu suka bi shi.

Mutari bai ji ko kalma ɗaya ba. Duk gidan mutum ɗaya ne ke jin Buzanci, shi ne wanda ya yi shekara talatin yana ciniki da su.

Elhaji ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Ya miƙa hannun mai lafiya wajen zaure, bakinsa na motsi, sauti bai fito ba.

"Baba, mi ya ce musu?"



"Za su kawo shi gari? Baba! Mi ya ce?"

Uwale ta rarrafo ta kama ƙafar mijinta tana girgizawa.

"Elhaji, don girman Allah, mi ya ce a yi wa ɗana?"

Elhaji Ma'u ya juyo da kai. Ba matarsa ya kalla ba, Mutari ya kalla, ido cikin ido.

"Ya ce kak su buɗe rumbun."

Bai ɗauke ido daga kansa ba.

"Ya ce su sa mishi wuta."